Roƙon Tallafi daga Kwamitin Kula da Makarantar Firamare ta Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu, da tsofaffin ɗaliban wannan makaranta na gida da na nesa, muna gaishe ku da fatan alheri.

Wannan takarda daga Kwamitin Kula da Makaranta take, wanda aka fi sani da SBMC, na firamaren gwamnati da ke unguwarmu a Jihar Kano. A cikinsa akwai wakilin mai unguwa, da liman, da hedimasta, da wakilan malamai, da iyaye mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da yara biyu, mace da namiji, daga manyan azuzuwa.

Dokar tarayya ta ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, Jihar Kano ta sake jaddada haka a 2019, sannan a 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Albashin malamai da gina sababbin azuzuwa aikin gwamnati ne, kuma mun miƙa buƙatunmu a rubuce ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Abin da muke roƙo a nan taimakon sa-kai ne, ba haraji ba. Ba za a kori yaro ko ɗaya ba, ba kuma za a kira sunansa a asambili ba, don iyayensa ba su kawo komai ba.

Kullum da safe malamai suna yi wa yara magana a kan gaskiya, amana, tsafta, kunya da ladabi. Maganar tana da kyau, amma yaro ɗan shekara bakwai abin da hannunsa ya saba yi shi ke zama halinsa. In an ce masa ya wanke hannu alhali babu ruwa, abin da zai koya shi ne manya suna faɗin abin da ba a yi. Shi ya sa kowane abu da za mu lissafa a ƙasa akwai ɗabi'ar da ta rataya a kansa.

Mafi gaggawa shi ne bandaki. Muna son gina na rami mai bututun iska, ɗaki 6: uku na mata, biyu na maza, ɗaya na malamai. Ramin zai kai zurfin mita 3, a ɗaure bangonsa da bulo saboda ƙasar wajen mai yashi ce, tana zabtarewa da damina. Layukan bulo na ƙasa a bar musu 'yan kafofi don ruwa ya tsotse, na sama kuma a toshe su tsaf. Dole ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko famfo. Bututun roba mai faɗin inci 4 zai tashi daga ramin ya zarce rufin da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iska tana shiga ta bakin masai ta fita ta bututun da wari, ƙudaje kuma su bi hasken da ke sama su maƙale a raga su mutu. Kuskure biyu ke ɓata wannan tsari. Na farko a buɗe manyan tagogi, ciki ya yi haske, ƙuda ya fito ta ƙasa maimakon ya bi bututu. Na biyu a sa ragar ƙarfe mai tsatsa, ta cinye cikin 'yan watanni ba wanda ya lura. Bakin masai kuma kada faɗinsa ya wuce taƙi ɗaya, domin 'yan aji ɗaya in suka ga rami mai faɗi tsoro suke ji, sai su tsuguna a gefe.

Ɓangaren mata zai juya baya ga na maza, da katangar kariya a gaba, da ƙofa mai sakata ta ciki. Wannan sakatar ba ƙaramin abu ba ce. Yarinyar aji biyar ko shida da ta fara girma, in babu inda za ta rufe kanta, gida za ta tafi da tara ta kama, sau da yawa kuma ba ta dawowa sai washegari. Mu muka koya mata kunya, bai kamata kunyar ta zama sanadin rasa darasinta ba.

Sai ruwa. Famfon tuƙa-tuƙa na makaranta yana aiki, amma sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya zo, alamar robobin da ke cikin silinda a ƙasa sun cinye ke nan. Muna buƙatar sababbin robobi, da giris na shafa wa sarƙa kowane wata, da kuɗin makanikin da zai ciro sandunan ya duba su. Abin da ke kashe irin wannan famfo shi ne gajeren bugu da sauri da lilon da yara ke yi a kan hannunsa, don haka za a naɗa yara biyu kowane mako su kula da layi, ƙanana a gaba, manya a baya. A ƙofar kowane aji kuma za a rataye jarka mai lita 5 a kan sanda, a huda ta da ƙusa mai zafi kusa da baki, a ɗaura mata igiya zuwa wani itace a ƙasa. Yaro ya taka, jarka ta karkata, ruwa ya zubo ba tare da ya taɓa ta ba. Sabulu a huda shi a rataye, a kifa masa gwangwani, in ba haka ba ruwan sama ya narkar da shi ko awaki su cinye. Ranar da babu sabulu, toka tana yi. Jarka 12 muke nema da katan 2 na sabulu.

Azuzuwa biyu daɓensu ya farfashe, ƙura tana tashi, yara suna zaune a kanta. Aji mai mita 7 da mita 8, in za a zuba masa daɓe mai kaurin santimita 5, yana cin siminti buhu 22 zuwa 25, a haɗa kowane buhu da yashi mai kaifi kwanon sarki 8. Daɓen makaranta yakan mutu da wuri ne saboda an ƙara yashi don siminti ya auku, ko an zuba a kan ƙasar da ba a daddaɓe ba, ko an bar shi ya bushe da sauri. Sai an yi kwana 7 ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, kuma ba a shiga. Saboda haka a lokacin hutu za a yi aikin, muna kuma roƙon matasan unguwa su karɓi aikin ban-ruwan. Jimilla buhu 50 da tifa 2 ta yashi.

Benci 60 muke nema, kowanne mai tsawon ƙafa 5, na zaman yara uku, ƙafafun ƙarfe da katako a sama. A ɗaure katakon da noti, kada a buga ƙusa, don ƙusa tana kwancewa ta yaga riga. Kowane benci za a rubuta masa lamba da fenti, a rubuta sunayen yara ukun da ke kansa a littafin aji. A ƙarshen zango su nuna bencinsu. Nan ne darasin amana yake farawa. Wanda ya ɗauki nauyin benci ɗaya ya gama mana komai, wanda kuma yake walda ko kafinta ne, aikin hannunsa ya fi mana kuɗi.

Rufin wani aji kuma yana buƙatar kwano bandir 2 da ƙusa mai hula. A jiƙa katakon da maganin gara, a ɗaure shi da bango da ƙarfe, domin iskar farkon damina rufin da aka ɗora kawai take yayewa. A gama kafin hadari ya fara haɗuwa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma su ne zuciyar shirin. Ɗaya shi ne teburin amana. Faranti ne da fensir 20 da abin goge rubutu 10, da gwangwanin kuɗi, a bayan aji, ba mai tsaro. Yaro ya ɗauka ya saka kuɗin. Kafin a tashi, yara biyu su ƙirga kaya da kuɗi a gaban kowa, a rubuta a allo. A makonnin farko za a samu giɓi, wannan sananne ne. In malami ya fara caje aljihu ko ya ɗauki bulala, shirin ya mutu, domin yara za su koyi ɓoyewa ne kawai. Abin da ake yi shi ne a faɗi adadin da ya ɓace, a bar gwangwanin a wurinsa har gobe, wanda ya ɗauka ya mayar ba tare da an tona shi ba. Kada a fara da aji ɗaya da biyu, ba su gama gane lissafin canji ba, kuskurensu sai a ɗauka sata ce. Daga aji huɗu ake farawa. Na biyu akwatin tsintuwa ne a ƙofar ofis, da littafin da ake rubuta abin da aka tsinta da sunan wanda ya kawo, a karanta ranar Juma'a a asambili. Na uku shi ne shugabancin aji na karɓa-karɓa, mako-mako, mace da namiji. In aka bar monita ɗaya shekara guda, yakan zama ɗan ƙaramin azzalumi mai rubuta sunan wanda ya hana shi alewa. Muna buƙatar fensir katan 1, littafin rajista 12, tsintsiya 40 da kwandon shara 6.

Ba kaya kaɗai muke roƙo ba, muna roƙon lokaci. Iyaye mata na kwamiti suna duba rajistar zuwa kowace Alhamis. Yaron da ya yi kwana 3 a jere bai zo ba, mata biyu za su je gidansu su gaisa da mahaifiyarsa su ji dalili. Ba faɗa ake zuwa yi ba. Galibi dalilin talla ne, ko ranar kasuwa, ko aikin gona, ko rigar makaranta ta yage yaro yana jin nauyin fitowa. Maganar talla ba a gyara ta da wa'azi, domin da kuɗin ake cefane. Abin da yakan yiwu shi ne a shawo kan uwa ta mayar da tallan bayan an tashi. Muna neman ƙarin mata 10, kowane lungu a samu mai zuwa. Muna kuma roƙon dattawa da masu sana'a, tela, maƙeri, ma'aikaciyar asibiti, manomi, kowa ya ba mu minti 20 sau ɗaya a zango, ya zo da kayan aikinsa ya nuna wa yara yadda ake cika alkawarin aiki da yadda ake auna mudu ba tauyewa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an aiko shi ne don ya cika kyawawan halaye, kuma wannan aiki ba na malaman aji kaɗai ba ne.

Tunda amana muke koyarwa, ga yadda za mu riƙe taku. Duk abin da ya shigo, ko fensir ɗaya ne, za a ba da rasit mai lamba. Kuɗi yana shiga asusun banki na kwamiti, ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, shugaba da ma'aji. Ba mu aiki kowa gida-gida ya karɓi kuɗi ba, wanda ya zo muku da sunanmu ku tambaye shi rasit. Farashin kaya yana motsi, shi ya sa ba mu rubuta shi a nan ba: kafin kowace sayayya za a ji farashi a shago uku, a manna a allon sanarwa na ƙofar makaranta tare da abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ya fi son ya sayo siminti ko kwano da kansa ya kawo, hakan ya fi mana sauƙi. Wanda ba ya son a ambaci sunansa, za a rubuta "bawan Allah" ko "baiwar Allah".

Zakka kuma ba za mu sa ta a gini ba, domin Allah ya ƙayyade masu cin ta kashi takwas a Suratut Tauba, aya ta 60. Wanda ya kawo zakka ya faɗa mana, a rubuta ta a littafi dabam, a miƙa ta ga marayu da 'ya'yan mabuƙata ta hannun masu riƙonsu, don rigar makaranta, takalmi da littattafai, a asirce.

Za a fara da bandaki da famfo, sai rufi, sai daɓe da benci idan hutu ya zo. Ana karɓar taimako a ofishin hedimasta daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 8 zuwa 12, a gaban ɗan kwamiti ɗaya. Zaman kwamiti kuma Asabar ta farko ce a kowane wata bayan La'asar, a harabar makaranta, ƙofa a buɗe take ga duk mai son ya duba littafin kuɗi ko ya kawo gyara.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Kwamitin Kula da Makaranta