Gidan da Ba Ya Zuwa Layin Karɓar Tallafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ka ara mini ɗan fili in yi magana a kan ƙungiyoyin taimakon al'umma, masu tara gudummawa suna agaza wa iyalan da rayuwa ta yi wa tsanani. Na daɗe ina karanta labaransu a shafukanku, kuma kusan kullum fasalin labarin ɗaya ne: an jera buhuna, jama'a sun yi layi, wani babba yana miƙa kaya idonsa na kan mai ɗaukar hoto, a ƙasa an rubuta adadin waɗanda suka amfana. Ban ce ƙarya kuke bugawa ba. Sai dai na shafe shekaru ina aikin sa-kai a wata ƙaramar ƙungiya irin waɗannan, ni ke riƙe da littafin sunaye, kuma abin da littafin nan ya koya mini ban taɓa ganinsa a hoto ba.

Gidan da ya fi kowane gida buƙata, sau da yawa ba ya zuwa layi. Akwai magidancin da bara shi ma yana cikin masu kawo gudummawa, bana aiki ya tsaya masa, ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tsaya a gaban yaran da ya saba yi wa kyauta. Akwai matar da miji ya rasu ya bar ta da marayu, tana gudun a ce tun ba a je ko'ina ba ta fara roƙo. Akwai tsohon da ƙafa ta hana shi tsayuwa, da uwar da ke jinyar ɗa ba ta da wanda za ta bar wa shi. Alƙur'ani ya riga mu siffanta irinsu a aya ta 273 ta Suratul Baƙara: matalautan da wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa nacin roƙon mutane. Layi kuwa mai ƙarfin jiki yake saka wa, da mai ƙarfin hali, da wanda ya riga kowa jin labari. Ba na zargin waɗanda ke zuwa, mafi yawansu mabuƙata ne na gaske. Amma duk ranar da muka gama rabo muka tafa wa kanmu, in na koma na buɗe littafi sai in tarar da sunayen da na fi damuwa da su babu alamar karɓa a gabansu.

Mu ma mun taɓa yin kuskuren da nake ƙorafi a kai. Wata rana bayan rabo ɗaya daga cikinmu ya sa hotuna a Facebook, da kyakkyawar niyya, don masu bayarwa su ga inda dukiyarsu ta tafi. A ɗaya daga cikin hotunan fuskar wata baiwar Allah ta fito sarai. Ba a yi kwana uku ba ta aiko a cire sunanta daga littafi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce mana komai ba, daga baya muka ji cewa 'yan makarantar 'yarta ne suka ga hoton suka riƙa yi wa yarinyar gori. Mun ba ta abincin wata guda, mun karɓe mata rufin asirin da ta yi shekaru tana tattali. Tun daga ranar muka hana ɗaukar fuska, wanda kuma ya ce sai da hoto zai bayar mukan ce masa ga rasit, ga littafin kashe kuɗi, ya zo ya duba. Wasu sun janye, ban ji haushinsu ba, amma ban bi su ba.

To wa zai gano gidan da ya yi shiru? Da ɗan gari akan ci gari. Malamar makaranta ce ke lura yaro ya daina zuwa da abin karin kumallo. Ma'aikacin asibiti ne ke ganin an karɓi takardar magani an ninke an sa a aljihu ba a nufi wurin saye ba. Maƙwabciya ce ke sanin kwana nawa aka yi ba a ɗora tukunya ba. Irin waɗannan mutane su ne jarin ƙungiya na gaske, kuma ba sa cikin lissafin da ake bugawa. Tarihin bankin abinci na farko a duniya, wato wurin da ake tara abinci don mabuƙata, shi ma haka ya fara. John van Hengel, wanda ya kafa shi a birnin Phoenix na Amurka a 1967, mai aikin sa-kai ne a wani wurin ciyar da mabuƙata. Wata uwa ce ta gaya masa cewa daga abin da manyan shaguna ke zubarwa take ciyar da 'ya'yanta, ta ce da ma a samu wurin da za a riƙa ajiye irin wannan abinci kamar yadda ake ajiye kuɗi a banki, mai buƙata ya je ya ɗiba. Dabarar da ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama daga bakin mabuƙaciya ta fito, ta faɗa kunnen mutumin da ya zauna ya saurare ta.

Sauraro kuwa lokaci yake ci, kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan masu bayarwa, ni ma ina cikinsu. Kowa so yake a ce masa duk abin da ya bayar, har ƙwandala ta ƙarshe, ya shiga hannun talaka. Magana ce mai daɗin ji. Amma wa zai biya kuɗin motar da ta kai kayan? Kuɗin kiran waya fa, da hayar ɗakin ajiya, da takarda da tawada? A ƙananan ƙungiyoyi amsar ita ce aljihun mai aikin sa-kai, wanda shi ma galibi ba wani mai hali ba ne. Ya ba da ranar hutunsa, ya ƙara da kuɗin motarsa, bayan shekara ɗaya ko biyu ya gaji ya daina zuwa, ya tafi da duk abin da ya sani game da gidaje talatin ko arba'in. Sabon da ya maye gurbinsa sai ya fara daga tambayar ina ne ƙofar gidan. Na ga haka ya faru sau da yawa har na daina ƙirgawa. Abin mamaki, Musulunci da ya wajabta zakka bai ɗauki wannan aiki a matsayin na banza ba. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka lissafa kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, bayan faƙirai da miskinai masu aikin tattara ta ne na uku. A Amurka ma, a 2013, manyan cibiyoyi uku masu auna ingancin ƙungiyoyin agaji, wato GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun rubuta wa masu bayarwa buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa ƙarancin kuɗin gudanarwa shi kaɗai ba ma'auni ba ne na ƙungiya tagari.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya: an sha cin amana da sunan marayu. Maganinsa a buɗe littafi. Kada kuɗin ƙungiya ya shiga asusun mutum ɗaya, kada a fitar da shi sai da sa hannun mutum biyu, duk bayan 'yan watanni a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Ƙungiyar da ta ƙi wannan ni ma ba zan ba ta ko sisi ba.

Sai batun lokaci. Gudummawa kamar ruwan sama take zuwa mana, ta sauko da yawa a lokutan ibada da bukukuwa har mu rasa wurin ajiya, sannan a yi wata da watanni babu ko yayyafi. Ciwo kuwa ba ya duba kalanda, mai gidan haya ma haka. Abin da ke kayar da iyali yawanci ba ya yin sallama: rashin lafiya, rasuwar mai nema, gobara, sallama daga aiki. In aka tallafe su a makon farko, da abu kaɗan sukan miƙe. In aka bari sai lokacin rabo ya zagayo, an riga an sayar da keken ɗinkin da ake ci da shi, an cire yara daga makaranta, bashi ya hau kan bashi. Shi ya sa na fi ƙaunar mutum ɗari masu ba da ɗan kaɗan kowane wata a kan attajiri ɗaya mai aiko mota cike sau ɗaya a shekara, ko da yake, Allah ya gani, ba ma mayar da motar. Kada kuma kowa ya raina abin hannunsa. Ƙungiyar Islamic Relief, wadda Dakta Hany El-Banna da abokansa suka kafa a Birmingham ta Ingila a 1984, kyautar farko da ta samu peni 20 ce, wato 'yan canji a kuɗin Ingila, daga hannun wani yaro ɗan uwansa. Yau tana aiki a ƙasashe masu yawa.

Abu na ƙarshe da na sauya ra'ayi a kansa shi ne ba da kuɗi a hannu. Da ina cikin masu cewa a ba talaka kaya, in ka ba shi kuɗi zai ɓarnatar. Har wata rana na ga wani ya karɓi buhu daga hannunmu ya sayar da rabinsa a kan araha, na fusata, na bi diddigi, ashe maganin matarsa zai saya. Mun saya da tsada, mun biya kuɗin dako, shi kuma ya sayar da asara don ya samu abin da da mun tambaye shi tun farko da ya faɗa mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2014 masu bincike biyu a Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara nazari 19 da aka yi a Afirka da Asiya da Latin Amurka, suka ga ba da tallafin kuɗi bai sa mutane sun ƙara kashewa a kan giya da taba ba. Ban ce a daina ba da kaya ba, akwai gidan da abinci ya fi kuɗi amfani, musamman inda wani zai ƙwace kuɗin kafin ya kai ga yara. Wanda ya san gidan ne kaɗai zai iya bambancewa.

Ga roƙona gare ka, ya Edita. Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 5 ga Disamba don masu aikin sa-kai. In ta zagayo, ka turo wakilinka ya yi mana yini ɗaya a ranar da babu rabo. Ya bar na'urar hoto a ofis, ya bi ɗaya daga cikin matan da ke zagaya gidaje, ya ga yadda take sallama, da yadda take kewaya zance kafin a yarda a gaya mata gaskiya. Ya nemi littafin kuɗinmu ya duba, ya yi mana tambayoyin da ba ma son ji. In ya zo rubutawa, ya bar sunayen iyalan a cikin littafina.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku, kuma mai aikin sa-kai