A ceci wuraren tarihi na cikin hamada

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira kan wuraren tarihi na hamada. Rashin danshi ne ya adana su dubban shekaru, yanzu hannun ɗan Adam ke cinye su. A Dabous, arewacin Nijar, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Irin waɗannan zane-zane masu ziyara ke takawa, ɓarayi su ɓamɓare su sayar. Abin na ci mini rai. Don Allah hukumomi su ɗauki mazauna yankunan aikin gadi da albashi, su suka san hanyoyin da ɓarayin ke bi.

Naka,
Mai karatu