Rahoton Ayyukan Shekara na Zumuntar Mata

Uwar Zumunta, Mama Fasto, iyayena da 'yan'uwana, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Taron Alhamis, makon addu'a da gaisuwar marasa lafiya duk sun gudana yadda aka saba.

Bari in fara da kuɗin wata, tunda a kansa wasu suka daina amsa gaisuwata. Fiye da rabinmu ba su cika nasu ba, akwai ma waɗanda tun Ista ba su ba da ko sisi ba. Ni da Ma'aji mun bi gida-gida, wani gidan muna jin muryar matar a ɗaki yaro ya fito ya ce ta tafi kasuwa. Na san rayuwa ta yi tsada, kasuwa ɗaya muke ci da ku. Amma da anko ya fito, kafin sati biyu kowa ta ɗinka nata.

Wannan ne ya sa kekunan ɗinki uku da muka yi wa gwauraye alkawari har yanzu ɗaya kawai aka saya. Ba a ci kuɗin ba, littafi yana nan ga mai son dubawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashi bai sake tsayawa wuri ɗaya ba, kuɗin da muka ware wa biyu da ƙyar ya sayi ɗaya. Rufin ɗakin ajiya kuwa ba mu ko taɓa shi ba.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne taron 10 ga Disamba, Ranar Haƙƙin Ɗan'adam ta Duniya, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙoƙin a 1948. Majami'a ta cika har bakin taga. Bayan karatu daga Ishaya 1:17, muka karrama mutum uku.

Ta farko lauya ce da take tsaya wa gwauraye ba ta karɓar ko kwabo. Ta bayyana mana cewa dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 ta mai da wulaƙanta mace da sunan al'adar takaba laifi, kuma jihohi da yawa sun yi irinta. Tana cikin magana wata uwarmu ta miƙe, ta kwance bakin zani, ta zaro takardar filinta a naɗe cikin baƙar leda, wadda dangin mijinta suka ƙwace aka karɓo mata. Ta ɗaga ta sama, magana ta ƙi fita. Masu tulu suka ɗauki waƙa, muka yi ta kuka muna rawa.

Ta biyu tsohuwar nas ce da take raka yaran da aka yi wa fyaɗe asibiti da wurin 'yan sanda. Ta roƙi iyaye su daina rufa-rufa, domin maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki.

Na uku Mai Unguwarmu ne, Musulmi, wanda ko tsakar dare aka kama ɗan wani sai ya bi sawu, yana tuna wa kowa cewa beli kyauta ne. Wasu sun yi gunaguni da muka sa sunansa. Baba Fasto ya ba su amsa da labarin Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci a masallacinsa da gidansa a rikicin Yunin 2018. Ba wadda ta ƙara tari.

Sai dai girki, wanke-wanke da kwashe kujeru, fuskokin nan dai da kuka sani su suka yi. Sauran sun zo da kula sun ɗebi shinkafa sun wuce.

Har yanzu mai rumfa yana bin mu cikon kuɗin haya. Ranar Alhamis Ma'aji za ta zauna a bakin ƙofa da littafi tun kafin a fara sujada.

Magatakardar Zumunta