Godiya ga Baba mai gyaran keke na lungunmu a Jidda

Assalamu alaikum Baba, da ku da yaran shago baki ɗaya. Na san kun ce kar in saka sunanku a ko'ina, wai ku ba ɗan siyasa bane da za a riƙa yawo da sunanku a waya, to na bi umarni. Amma godiyar kam sai na yi ta a bainar jama'a, kuma dai duk Bahaushen da ke zirga-zirga tsakanin unguwannin Karantina da Gulail ya san shagon da nake nufi, wanda tsohon keken Raleigh ɗin nan baƙi yake rataye a saman ƙofarsa.

Jama'a bari in faro muku daga tushe. Likita ne ya jawo maganar keken nan, yace sikarina ya fara hawa, ko dai in riƙa motsa jiki ko in shirya zama da magani. Tafiyar ƙafa a Jidda kuwa kowa ya san yadda take, ko bayan isha'i ka fita gumi sai ya jiƙa maka riga kafin ka kai bakin titi, sai wata rana na kai yara Kornish, wajen shaƙatawar nan na bakin teku, naga mutane suna wucewa fuu a kan kekuna iskar teku na kaɗa su, nace to ni ma ga hanya. Na je wani babban shago a arewacin gari, yaron da ke wajen ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya auna tsayina ya ɗora ni a kan keke uku ɗaya bayan ɗaya, ya kusa minti 40 a kaina har ya gaya min lambar da ta dace da ni, ni kuma da na ji kuɗin sai nace masa zan dawo. Ban dawo ba. Gida na koma na buɗe waya na yi odar keke daga ƙasar waje da lambar da yaron nan ya ba ni. Na faɗi wannan ne don kar in zo ina yabon wani ina ɓoye nawa laifin.

Ga wanda bai san harkar ba, yanzu akwai kamfanonin da babu ruwansu da dillali, daga sitonsu sai ƙofar gidanka, irin su Canyon na garin Koblenz a Jamus, saɓanin irin su Trek na Amurka ko Giant na Taiwan da aka saba samu ta hannun shaguna. Nawa ba na ko ɗaya daga cikinsu bane, misali kawai na kawo. Sauƙin da kake gani a farashin, kason mai shago ne aka cire, shi yasa ko da na haɗa kuɗin jirgi da na kwastan da harajin nan na kashi 15 da aka koma biya tun Yulin 2020, sai naga har yanzu akwai rara mai kyau. Abin da ban lissafa ba shine wannan kason da aka cire, a cikinsa kuɗin mutumin da zai haɗa keken ya gwada shi yake.

Kwali ya iso ranar wata Talata, yara sai tsalle suke kamar an kawo ragon layya. Na shimfiɗa tabarma a falo na kunna YouTube nace wannan ai wasa ne, tunda taya ɗaya ce da feda da sirdi da hannu kawai za a ɗaura. Maman yara tace in bari sai an samu wanda ya iya, nace mata ni da na yi shekaru ina hawan Phoenix zuwa makaranta a gida. To cikin awa biyu na yi ɓarna iri biyu. Fedar hagu ta ƙi shiga, ni kuma na ɗauka taurin sabon abu ne na sa sifana na danna da ƙarfi har ta shiga a karkace. Sannan ƙaramin ɗana ya zo yana ta matsa birkin gaba alhali tayar ba ta ciki, ni na riga na cire 'yar robar nan ja da aka saƙala a wajen na yar a zatona shara ce, sai bakin birkin ya haɗe, faifan da ke jikin tayar wanda birkin ke kamawa ya ƙi shiga sam. Giya kuma tana ta ƙarƙar-ƙarƙar, sarƙa na tsallake.

Washegari na saka shi a bayan motar wani abokin aikina muka nufi ina? Wannan babban shagon dai, saboda rashin kunya irin ta mai neman mafita. Tambayar farko da aka min ita ce a ina na saya. Da na faɗa sai babbansu yace su ba sa taɓa abin da ba su suka sayar ba, ya faɗa cikin mutunci ba tare da tsawa ba, amma yaron nan da ya auna ni yana tsaye a gefe kuma wallahi ya gane ni, kallo ɗaya ya min na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan muka tsaya wajen wani mai banshar, wato mai facin taya, yace shi faci da iska ne iyakarsa. Keke ya yi kwana 9 a jingine a bayan ƙofa, duk wucewar da Maman yara za ta yi sai ta kalle shi ta kalle ni, ba ta cewa komai, kuma da ma ta yi maganar da ya fi min sauƙi.

Maƙwabcina ɗan Damagaram ne yace in kawo muku Baba. Kuma ku yafe ni, a raina nace tsohon da ke gyaran kekunan yara da na masu kai saƙo me ya sani a birkin mai, irin na kekena da yake aiki da mai ba waya ba. Astagfirullah.

Abin da ba zan manta ba shine ba ku tambaye ni inda na saya don ku kore ni ba. Kun tambaya, amma don ku san inda za a nemo kaya. Kuka ɗora shi a kan ƙarfen rataya kuka juya feda kuka saurara, kuka ce ɗana wa ya ɗaura fedar nan, nace ni ne, kuka yi dariya har sai da kuka zauna, kuka ce ba ni ne na farko ba. Sannan kafin ku sa masa sifana kuka sa ɗanku ya ɗauki hoton komai da wayata, kuka ce in akwai abin da ya lanƙwashe tun a hanya to maganarsa tsakanina da kamfani ce, garanti ba a wajenku yake ba kuma kar in zo gobe in ce a hannunku ya lalace. Kuɗin aiki ma a gaba kuka faɗa, riyal 150, kuka ƙara da cewa da a wajenku na saya da duba na farko kyauta ne, amma tunda na ci ribar intanet to in biya kuɗin hannu cikakke. Na buɗe baki zan ce a rage sai na tuna yaron can na minti 40, na rufe bakina.

Aikin kansa makaranta ne, na zauna a kan benci ina kallo har aka kira magariba. A nan na san fedar hagu tiredinta a juye yake, ta hagu ake murɗa ta ta ɗaure, kuma an rubuta L da R a jikinsu ni ne ban duba ba. Allah ya taimake ni ban cinye tiredin duka ba, kuka zura ƙarfen yanka tiredi ta bayan ramin inda yake da sauran lafiya kuka bi da shi a hankali kuna ɗiga mai har ya fito ta gaba, kuka shafa giris feda ta shiga da yatsu kawai. Birkin kuwa da 'yar robar cire taya kuka buɗe shi, kuka ce sukundireba zai iya fasa abin da ke ciki. Kuka kuma ja kunnena a kan mai, birkin kekena na kamfanin Shimano ne, mansa daban ne, duk ranar da na bari wani ya zuba min man birkin mota to robobin ciki sun tafi kenan. Ni da har na yi tunanin kai shi garejin da ake min gyaran mota!

Ƙarƙar ɗin giya kuma ashe ɗan ƙarfen nan ne da giyar baya take rataye a jikinsa, wanda kuke kira hanga, shi ne ya ɗan lanƙwashe. Kuka ce da gangan ake yinsa da laushi don in keke ya faɗi shi ya karye a madadin jikin keken, matsalar kawai kusan kowane kamfani da irin nasa, ba abu ne da za a shiga kowane shago a ɗauko ba. Kuka miƙar da shi da ƙarfen awo kuka ce zai yi tafiya amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙar ba a amince masa, in yi odar guda biyu in ajiye ɗaya. Abin da ya fi burge ni shine sifanar awon nan da take yin ƙas in noti ya kai iyaka. Ni duk rayuwata ɗauri shine ka murɗa har jijiyar wuya ta fito, ashe 5Nm ɗin da aka rubuta a wuyan keken ba ado bane, awon ƙarfin ɗaurin notin ne. Kuma ba ku ji kunyar ce wa ɗanku ya buɗo takardar kamfanin a waya ya karanto muku ba, shekarunku da furfurarku, wannan ya ƙara muku girma a idona.

Da na ba da labarin nan a guruf ɗinmu na WhatsApp sai musu ya ɓarke. Wasu suka ce wancan shagon girman kai ne, ai kuɗi za a biya su. Wani ɗan'uwa da ya taɓa tsaron shago a Makka yace a'a ku yi adalci, mutum yana biyan haya da wuta da albashin yara da iƙamarsu, ya tara kaya na dubban riyal, sai ku mayar da shagonsa wajen gwaji ku je ku saya a waya, sannan in ya taɓa keken wani abu ya karye shi za a kama. Gaskiya ni ban iya musa masa ba don ni ne mutumin da yake siffantawa. Shagon mutum nasa ne, in yace ba zai taɓa ba bai zalunce ni ba. Amma a ganina asara ya yi, kuma maganarku Baba ce ta sa na tsaya a kan haka, da kuka ce agogo nawa da rediyo nawa alhazai suka saya a Balad, tsohon cikin garin Jidda, suka kai gida tsaraba, kun taɓa jin mai gyaran agogo a Kasuwar Kurmi yace sai dai a mayar da shi Jidda? Sayarwa sana'a ce gyara ma sana'a ce, kuma kamfanin Jamus ko na ina ne zai iya turo maka keke a kwali amma ba zai turo maka hannun da zai saita birki ba. Ga garin nan namu da iskar gishiri da yashi, sarƙa ba ta jimawa take tsatsa, wanda duk ya sayi keke dole ya riƙa neman mai gyara, to me zai sa ka kori mutumin da zai riƙa dawo maka shekara da shekaru.

Sai dai mu ma masu odar nan mu ji tsoron Allah. Ka biya dubbai ga kamfanin da bai san fuskarka ba ko tari ba ka yi ba, ka zo wajen dattijo kana neman ragin riyal 20, haba. Tib da man sarƙa da ƙananan kaya dai a saya a wajensu. Ni kam makon da ya wuce na koma babban shagon can na nemi yaron nan, na sayi hular kwano da fitilun gaba da baya a hannunsa, na kuma ba shi haƙuri, yayi murmushi yace mafi mushkila, wato babu damuwa. Ban ce na biya shi minti 40 ɗinsa ba amma dai na rage nauyi.

Yanzu sau uku a mako nake fita Kornish bayan isha'i, giya na shiga tsit ba ƙara, ina goge sarƙar da tsumma in na dawo kamar yadda kuka ce, baƙin man inji kuma ban kusantar da shi ba. Maman yara ta daina kallon nan, har tana cewa a duba wa babbar 'yarmu nata, nace mata wannan karon kwalin ko buɗe shi ba zan yi ba, shago zai wuce kai tsaye.

Baba Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci ɗanku da yaron da ya riƙa kawo mana shayi, ya jiƙan mahaifinku da kuka ba ni labarin zuwansa ƙasar nan a ƙafa ta Sudan har ya tsallako teku ta tashar Sawakin. Hanga biyun nan sun iso jiya, in sha Allahu ranar Asabar bayan la'asar zan kawo keken a canja, kuma akwai kilishin da ƙanina ya aiko min daga Kano, shi ba ya cikin kuɗin aiki don haka kar ku ce ba za ku karɓa ba.

Ɗanku mai fedar hagu.