Malam, takardar fili zan nema ko gini zan fara?

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinka ne daga nan Garwa ta Kamaru, unguwar Yelwa, dan Allah kar a faɗi sunana.

Shekara 9 kenan ina aikin akawu a wani kamfani, kuma duk wata in na duba bilten ɗin albashi sai in ga an cire kashi 1 cikin 100 na Crédit Foncier, wato bankin bashin gidaje, shi ma patiron, mai kamfanin, yana zuba kashi 1 da rabi. Da ko a jikina, sai bara da mai gidan da muke haya ya ɗaga kuɗin daga jaka 30 zuwa 40, ɗaki biyu da falo fa, ga rufin yoyo, da damina roba uku muke jerawa a ɗakin yara, in ka yi magana ya ce ai ƙofa a buɗe take. Ranar ce uwargida ta ce min wai kuɗin nan da ake yankar maka na gida, ina gidan?

Shi ne na shiga tambaya. Ashe tun 1977 aka kafa bankin dan ba wa mutane bashin mallakar gida, ni ban ma sani ba. Gidajen gwamnati kuwa na cire rai, shirin gaggawa na 2014 gida 100 ya ware wa Garwa, to mu nawa ne a garin nan? Bashin dai shi ne hanya, amma sai da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, dan shi za a riƙe jingina, ga zanen gida, ga izinin gini, ga ɗan kasonka da za ka fara ajiyewa.

Nan gizo ke saƙa. Ina da fili mita 400 can bayan Jambutu, na saya a 2019, kuma da gangan na zaɓi tudu dan ambaliyar 2012 na ga yadda Binuwai ta yi wa mutane. Amma abin da ke hannuna takardar ciniki ce kawai, da hatimin jauro da shaidu biyu. Titir kuwa sai an kai takardu wajen sufirefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumar, kwamiti ya fito ya ga wurin, jiyometir mai awon fili ya auna ya kafa born, wato alamar iyaka, wani abokin aikina shekara uku yana sintiri kafin tasa ta fito, takalmi ma ya ce biyu ya kashe.

Watan Janairu zan kwashi adashi, miliyan 1 da jaka 200. Uwargida ta ce mu buga bulo mu tada ɗaki biyu mu tare ko ba filasta, ta gaji da rainin mai gida, kuma wlh ban ga laifinta ba. Amma siminti duk da a Figil ake yin sa kusa da mu tsadarsa sai addu'a, kuɗin ba zai kai rufi ba, kuma ina tsoron in zuba dukiyata gobe wani ya ɓullo da takarda ya ce filin kakansa ne.

Sai babbar, Baba ya ce bashin banki riba ce, in na ci ba zai taka gidan ba. Na ce masa ai kuɗina ne suke yanka shekara da shekaru, ya ce wannan daban, ruwan da za su ɗora maka daban. Ban iya musu da shi ba, kwana biyu ko barcin kirki ban yi ba.

Malam ka ba ni shawara. In kashe adashin kan titir mu ƙara haƙuri da haya, ko in bi maganar uwargida? Kuma mutumin da ba shi da muhalli, ga yara huɗu, akwai sassauci a addini kan irin wannan bashin ko maganar Baba ita ce? In da hali a amsa kafin ƙarshen wata, mai bulo yana jiran in ba shi kafin alƙalami.

Na gode, naka daga Garwa.