Kafin a kafa ƙarfen intanet a ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili mu yi magana a kan wata sana'a da matasa ke ta shiga a Jihar Kebbi, wato raba intanet marar waya a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Tun da Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a daidai lokacin da canjin kuɗi ya tilasta wa kowa komawa ga tiransifa, sai ga shi ana sayen farantin kama sigina da rauta, wato na'urar raba intanet, ana sayar da katin shiga intanet a bakin kasuwa. Buƙatar gaskiya ce. Mai POS a Dakingari ko Kamba, ɗalibin da zai yi rajistar JAMB, ma'aikacin asibitin karkara da zai tura rahoton wata, duk suna neman sabis da zai tsaya. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake zuba jari a kayan da ake gani, a bar wuta da tsawa da lissafi, alhali su ne ke rufe irin wannan harka kafin ta ga damina ta biyu.

A fara da inda intanet ɗin zai fito. Idan garin yana kusa da hanyar da fayiba, wato wayar intanet ta zaren gilashi, ta bi, ko akwai dogon ƙarfen sabis na babban kamfani da za a iya sayen layi na musamman a wajensa, wannan ya fi komai, domin ana sayen ƙayyadadden megabit ne da yarjejeniya a rubuce. Tauraron ɗan Adam yana cike gurbi inda babu wannan, amma a sani cewa tsarin Starlink na gida bai yarda a sake sayarwa ba, kuma kamfanin na iya katse layin da ya saɓa wa sharaɗi. Wanda zai yi sana'a ya nemi tsarin da aka yi don kasuwanci, ya karanta sharuɗɗan kafin ya biya. Ko wanne aka zaɓa, a ajiye layin ko-ta-kwana na 4G daga wani kamfanin daban, a saita rauta ta koma kansa da kanta idan babban layi ya faɗi.

Daga nan sai isar da shi ƙauye. Na'urorin da aka fi amfani da su, irin na Ubiquiti da MikroTik da Cambium, suna aiki ne a zangon gigahaz 5, kuma wannan zango ba ya ratsa itace ko tudu. Dole eriya ta hango 'yar'uwarta. Amma hangowa kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Siginar ba kamar zare take tafiya ba. Tana buɗewa a tsakiyar hanya kamar cikin kwalekwale, ta sake tsukewa a ƙarshe. A tazarar kilomita 10, faɗin wannan ciki daga tsakiyar layi zuwa ƙasa ya kai kimanin mita 11, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 nasa ya zama fili, wato wajen mita 7. A ƙara mita ɗaya da rabi na lanƙwasar doron ƙasa. Idan akwai dalbejiya mai mita 15 a tsakiyar hanya, to eriyoyin biyu suna buƙatar tsawon da ya doshi mita 24. A kilomita 20 lissafin ya fi tsanani: kusan mita 10 na fili da kusan mita 6 na lanƙwasar ƙasa, kafin a sa tsawon itace. Shi ya sa sau da yawa raba doguwar hanya gida biyu da ƙaramin ƙarfe a tsakiya ya fi araha a kan gina dogo ɗaya.

Lokacin da aka yi awon ma yana da tasiri. Wanda ya duba hanya a watan Maris zai hangi ɗaya garin ta cikin rassan kuka da suka zubar da ganye, ya ɗauka fili ne. Watan Yuli na zuwa kukar ta rufe, siginar da take -60 a ma'aunin ƙarfinta na dBm ta yi rauni ta koma -78, kwastoma su fara kira. Gawo kuma akasin haka yake yi: da damina yake tsirara, da rani ya yi ganye. A ɗauki kowane itace a kan cikakken ganyensa, a kuma bar masa wurin girma. Giginya ba ta da faɗi, amma tsawonta na iya wuce mita 20, kuma guda ɗaya a kan layi ta isa ta ɓata aiki. A fadamar Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, da bakin Neja wajen Yawuri, akwai wata matsala dabam. Idan ruwa ya malale fili, sigina tana faɗa wa fuskar ruwan ta dawo ta ci karo da ta asali, sai a ga layi yana hawa da sauka musamman da asuba. Ɗaga eriya ɗaya ko sauke ta da mita ɗaya ko biyu yakan gyara. Ƙasar Zuru mai duwatsu tana ba da tsawo kyauta, sai dai tudun da ya taimaki wani gari shi ne ke tare na bayansa.

Ƙarfen kansa ba wurin yin tsimi ba ne. Iskar farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, ita ce jarrabawarsa. Ƙarfe mai igiyoyi yana son ɗauri ta fuska uku, tsakanin kowace da 'yar'uwarta digiri 120, turakun kuma su yi nisa da gindi kamar kashi biyu cikin uku na tsawon ƙarfen. Kankare a haɗa shi siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a riƙa ba shi ruwa, kada a ɗora masa nauyi kafin kwana bakwai. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Bayan kowace babbar iska a zagaya a gwada igiyoyi. Faranti mai ƙunƙuntar fuska idan ya juya da digiri uku ko huɗu kawai, layin kilomita 15 ya tafi.

Wuta ce zuciyar aikin, kuma lissafinta ba shi da wuya. A ce tasha tana da faranti ɗaya na ɗauko intanet, eriyoyi uku na rabawa, rauta da siwic, wato na'urar da ke haɗa kebul-kebul ɗinsu. Jimillarsu takan kai wat 60. A sa'o'i 24 wannan ya zama wat-awa 1,440. Batira biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200, idan aka jera su suka ba da bolt 24, suna ɗauke da wat-awa 4,800, amma batirin ruwa rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe. Saura 2,400, abin da zai riƙe tashar sa'o'i 40 ba tare da rana ba. Batirin litiyom mai bolt 24 da amfiya-awa 100 yana ba da abin da ya yi kusa da haka, ya fi tsada a saye, amma ya fi jure shekaru. Farantan sola kuma a auna su da watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe sama, kada a auna da ranar Maris. In aka ɗauki sa'o'i huɗu na rana mai ƙarfi, aka cire kashi 30 na asara a waya da zafi da ƙura, ana buƙatar fiye da wat 500. A sa 600 zuwa 800 domin batir ya cika bayan kwanakin lumshi. Wanda ya ɗora farantin Starlink a kan wannan tasha ya sake lissafi daga farko, domin shi kaɗai yana shan tsakanin wat 50 zuwa 100, wato yana iya fin sauran kayan gaba ɗaya.

A guji inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, inda zai yiwu. Yawancin waɗannan eriyoyi bolt 24 suke so, to me zai sa a ɗaga wutar batir zuwa 230 sannan a sake sauke ta? Inbata ko ba ta ɗauke da komai tana cin wat 20 zuwa 40, kusan rabin abin da tashar ke ci. Siwic mai karɓar wutar batir kai tsaye ya tura ta cikin kebul ya kawar da wannan asara. Zafi kuma yana cin batirin ruwa: kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Akwatin ƙarfe da aka bari a rana a watan Afrilu tanda ne. A yi masa rumfa, a huda masa mashigar iska sama da ƙasa, a rufe hudojin da raga, in ba haka ba zanzaro zai gina ɗaki a kan allon caji, tsaka kuma ta kwanta tsakanin wayoyi biyu ta haɗa su. Farantan sola su fuskanci kudu da karkata ta digiri 12 zuwa 15, kuma da hunturu a wanke su duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Tsawa ba sai ta faɗo a kan ƙarfe take ɓarna ba. Wadda ta sauka nesa kaɗan tana tura ƙarfi cikin dogon kebul, sai a wayi gari ramin da ake soka kebul a rauta ya mutu. A sa sandar kare tsawa a ƙololuwa, a sauko da ita da kakkaurar wayar jan ƙarfe ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba. Sandar ƙasa ɗaya da za a haɗa wayar da ita a cikin jigawar da ta bushe ba ta yin komai. A kafa uku ko huɗu, tsakaninsu ya kai tsawon sanda, a haɗa su wuri guda, a auna turjiyar ƙasar da na'urar awo har ta sauka ƙasa da om 10. Gawayi da gishiri da aka saba zubawa suna taimakawa da farko, amma gishirin yana cin sandar, don haka a riƙa tonowa ana dubawa. Kowane kebul da ya sauko daga sama ya sami na'urar tare ƙarfin wuta a kai da gindi. Kebul ɗin ya zama na waje, mai sulke, jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da ke cika kasuwa, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare shi da wuƙa za a ga fari a ciki. Wuta tana raguwa a cikinsa, eriya ta riƙa mutuwa tana tashi ba a san dalili ba. Kada tsawonsa ya wuce mita 100. Kafin ya shiga akwati a lanƙwasa shi ƙasa ya yi ciki, domin ruwan da ke bin jikinsa ya ɗiga a waje. Inda aka manta da wannan, bayan damina ɗaya za a zare kan kebul a ga haƙoransa sun yi kore.

Wajen rabawa, kwastoma ɗaya mai raunin sigina yana cutar kowa, domin eriya tana ɓata lokaci mai yawa wajen maimaita masa saƙo. A sa ƙa'ida: wanda siginarsa ta fi -70 dBm rauni ba za a haɗa shi ba sai an ɗaga masa sanda. Gida 20 zuwa 30 sun ishi eriya ɗaya. A ƙayyade wa kowa gudunsa a rauta, in ba haka ba mutum biyu masu sauke fim za su shanye layin gari. Megabit 2 ya ishi WhatsApp da kiran bidiyo da kallo matsakaici. A auna ƙarfin layi da cunkoson bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ke kan waya. Masu POS da asibiti a ware musu nasu kaso. Ba sa cin data mai yawa, amma yankewar minti biyar a ranar kasuwa asara ce gare su, kuma su ne masu biya duk wata. Game da wurin sayar da kati, a tuna wayar hannu murya ƙarama gare ta. Tana iya nuna sabis ya cika a nisan mita 300, amma amsarta ba ta isa ga eriya. Katangar ƙasa da rufin kwano suna ƙara rage ta. Ƙananan na'urori uku a kasuwa da tasha da ƙofar makaranta sun fi babba ɗaya a saman ƙarfe.

Kuɗin kati kuma ba riba ba ne sai an cire na layi, na mai gadi, na mai hawa ƙarfe, da rabon batir. Batirin ruwa a zafinmu a ɗauka shekara biyu zuwa uku ne. A raba kuɗinsa a kan watannin, a ajiye duk wata. Kayan nan da dala ake shigo da su, kuma kowa ya ga yadda farashi ya tashi bayan an saki naira a 2023. Eriya ɗaya da rauta ɗaya na ajiya su kasance a hannu kullum. A manoma akwai lokacin kuɗi da lokacin babu, don haka katin yini da na mako sun fi tafiya a tsakiyar damina, na wata kuma bayan girbin shinkafa da albasa.

Sai batun doka. Sayar wa jama'a intanet yana buƙatar rajistar kamfani da lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Zangon gigahaz 2.4 da 5.8 ba sa buƙatar lasisin zango, amma wani ɓangare na gigahaz 5 yana buƙata, don haka a zaɓi Najeriya a saitin ƙasa na na'ura. Dogon ƙarfe yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, musamman a kewayen filin jirgi na Ambursa. Fili a yi shi a rubuce da shaidar mai gari ko hakimi, a kuma sanar da jami'an tsaro. Makwabtanmu na Zamfara sun ga rufe layukan sadarwa a Satumbar 2021, kuma a yankin da ake fama da 'yan bindiga sabon ƙarfe yana jawo tambaya. A kafa shi cikin gari inda ido ke kai, a riƙe rajistar masu amfani da shi.

Roƙonmu ga NCC shi ne ta sauƙaƙa lasisi ga mai hidimar ƙauye biyu ko uku, domin sharuɗɗan da aka tsara don kamfanin birni suna tura ƙananan masu sana'a aiki a ɓoye. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don yankunan da sabis bai kai ba, ya dace ya tallafa da sola da ƙarfe ga waɗanda suka yi rajista. Muna kuma roƙon gwamnatin jiha ta ba da damar ɗora eriya a kan tankunan ruwa da dogayen gine-ginenta a ƙananan hukumomi 21 na jihar nan bisa haya mai sauƙi, ta kuma nemi kamfanonin da ke shimfiɗa fayiba su bar mahaɗa a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma da suka ratsa, inda ƙaramin mai sana'a zai iya sayen megabit 50 ko 100 ya kai wa ƙauyukan da ke kewaye.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin kafa na'urorin sadarwa,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.