Malam, yaya za mu fahimtar da iyaye kafin wahalar yaranmu ta tashi a banza?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, ya gida, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Mu wasu 'yan'uwa ne a unguwar Bronx ta birnin New York, 'yan asalin Gana da Nijar da Najeriya, da muke taya yaran jama'armu cike takardun makaranta. Aikin takarda mun san kansa. Abin da ya sha mana kai yana cikin gida ne, tsakanin yaro da mahaifansa, shi ya sa muka kawo kukanmu gare ka. Sai dai ka yi mana haƙuri mu fara shimfiɗa yadda tsarin yake, don masu sauraro su ga inda gizo ke saƙar.

Da yawa daga cikin yaranmu ba sa shiga jami'a kai tsaye. Suna farawa da kwalejin shekara biyu, irin su Bronx Community College da Hostos, saboda sauƙin kuɗi da kusanci da gida. Duka suna ƙarƙashin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, wadda ke da irin waɗannan kwalejoji 7 da manya 11 masu ba da digiri, kamar Lehman da Hunter da City College. Da kiredit ake auna karatu, darasi ɗaya yakan zama kiredit 3 ko 4. Shaidar shekara biyu tana cin kiredit 60, digiri kuma 120. Ga wanda ke gida, ya yi kama da mai difloma ta ND a Najeriya da zai shiga jami'a ta DE, wato ba daga ajin farko ba, illa iyaka a nan darasi-darasi ake bi ana lissafi, wani a karɓa, wani a ajiye shi gefe.

Tun ranar rajista ake dasa matsalar. Shaidar shekara biyu iri uku ce: AA, AS da AAS. Biyun farko don mai niyyar wucewa jami'a aka tsara su, ta ukun kuwa don mai son fita ya kama aiki. Harafi ɗaya ne ya raba su a takarda, kuma wannan harafin yana iya cin shekara guda ta rayuwar yaro. Dalili shi ne dokar ilimi ta jihar New York ta ƙayyade adadin darussan gama-gari, wato su Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da makamantansu: kiredit 45 a AA, 30 a AS, 20 kacal a AAS. Shi kuwa digirin BA 90 yake nema, BS 60. To yaron da ya fito da 20 ya doshi inda ake neman 90, ina zai samo cikon? Dole ya zauna ya biya bashin darussa.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne takardar tantancewa da jami'a ke ba wa sabon shiga. A samanta za a rubuta an karɓi kiredit 60, uba ya yi hamdala. In ka bi layin da yatsa zuwa ƙasa, sai ka ga darasi bayan darasi an rubuta masa cewa na zaɓi ne kawai: an karɓe shi, amma bai cike gurbin komai ba a fannin da yaron zai karanta. A misali, cikin 60 ɗin nan wataƙila 40 ne za su yi aiki, sauran 20 su zama kaya a ka. Tun 2013 CUNY ta kawo tsarin Pathways, inda kiredit 30 na gama-gari ke bin ɗalibi duk kwalejin da ya koma a cikinta, kuma wannan ya rage ɓarna ƙwarai. Amma bai hana asara a darussan fanni ba. Mai son injiniya da bai fara lissafin kalkulas da wuri ba, alal misali, zai tarar darussan a jere suke, ba a shiga na biyu sai an ci na farko, kowanne zango guda. Nan babu dabara, sai jira. (Aikin jinya ya fita daban: AAS ɗinsa hanya ce mai kyau, da ita ake zana jarrabawar lasisi. Sai dai dokar da jihar ta kafa a 2017 ta wajabta wa sababbin masu lasisi su kammala digiri cikin shekara 10.)

Sai maganar tallafi, wanda shi ma yana da wa'adi. Pell na gwamnatin tarayya zango 12 ne na cikakken karatu a duk tsawon rayuwa. TAP na jiha zango 8 ne, kuma har 6 ana iya cinye su a kwalejin shekara biyu. Yaro yana ɗaukar kiredit 12 a zango ana ce masa cikakken ɗalibi, ya saki jiki, alhali 12 sau zango huɗu na shekara biyu 48 ne, ba 60 ba. Sai da 15 ake gamawa a shekara biyu. In ya ja shekara uku, zai isa jami'a da zango 2 na TAP a hannu, daidai lokacin da kuɗin makaranta ya tashi daga kimanin dala 4,800 zuwa 6,930 a shekara ga mazaunin jiha. Darasin da aka janye daga gare shi a tsakiyar zango ma ana lissafa shi cikin waɗanda aka gwada, kuma in suka taru sai a dakatar da tallafin tarayya.

Matakan ba su da wuya. A zangon farko yaro ya tsayar da fanni da jami'ar da yake so, ya buɗe shafin intanet na CUNY mai suna Transfer Explorer ya ga yadda kowane darasi zai koma a can kafin ya yi rajistarsa. Ya kiyaye kada maki ya gaza C a darussan fanni. Ya adana manhajar kowane darasi, domin da ita ake ɗaukaka ƙara in an ƙi lissafa shi. Ya miƙa takardar neman canji kafin 1 ga Fabrairu in zangon kaka yake so, ko 15 ga Satumba in na bazara ne. In da hali ya kammala AA ko AS kafin ya tashi, don mai ita yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin manyan kwalejojin CUNY, ko da ba wadda ya fi so ba ce, kuma ƙarin darussan gama-gari na tsarin Pathways da za a ɗora masa ba zai wuce kiredit 6 ba. Mai bizar karatu ta F-1 kuma kada ya manta a mayar da rajistarsa ta SEVIS, wato rajistar gwamnati ta ɗalibai baƙi, zuwa sabuwar makaranta a ba shi sabuwar I-20, takardar da ke shaida matsayinsa na ɗalibi.

To Malam, ga inda muka tsaya cak. Duk wannan bayani yaro yakan gane shi a zama ɗaya. Amma ba shi ke yanke hukunci ba. Uba ya kwana yana tuƙin tasi, uwa ta wuni tana kitso ko kula da tsofaffi a gidajen mutane, ga haya, ga 'yan'uwa a Kumasi ko Maraɗi suna jiran aike. In irin wannan uba ya ce wa ɗansa ya ɗauki karatun da zai kawo albashi da wuri, ko ya rage darussa ya ƙara awoyin aiki, wa zai ce ya yi son kai? Mun san gumin da ke bayan maganar. Mun kuma san lissafin da ke gaba, cewa sauƙin yau zai jawo ƙarin zango biyu ko uku ba tare da tallafi ba. Da wane harshe ƙaramin mutum zai faɗa wa dattijo haka ba tare da ya ji an raina shi a gaban ɗansa ba? Shin mu nemi limami ya yi maganar a huɗuba, ko mu bi gida-gida, ko a bar yaro ya faɗa da bakinsa muna gefe?

Akwai kuma takardar haraji. Ɗalibin da bai kai shekara 24 ba, in ba shi da aure ko 'ya'ya, yawanci sai mahaifi ya sa bayanansa a fom ɗin neman tallafin tarayya, wato FAFSA, ya buɗe nasa asusun, ya amince a ɗauko bayanan harajinsa. In bai amince ba, babu tallafin. Sai ka ga dattijo ya riƙe ambulan a cinya, ya ɗora hannu a kai, yana cewa ba ya son yara su san abin da yake samu. Wani kuma tsoron hukuma ne ya hana shi, kuma ba ma ɗaukar tsoronsa da wasa. Yaya ake girmama sirrin magidanci ba tare da an rufe wa yaro ƙofar dubban daloli ba?

'Yan mata su suka fi ba mu tausayi, don sau da yawa su ke fitowa da maki mafi kyau. Yarinya ta samu gurbi a wata jami'ar SUNY, wato jami'o'in gwamnatin jihar New York, a ce Albany ko Buffalo mai tafiyar fiye da awa shida a mota, sai a ce mace ba ta kwana a ɗakin makaranta. Wani lokaci akwai makwafin fannin a cikin gari, sai mu nuna mata shi hankali kwance. Wani lokaci babu. Me Malam yake gani ya dace a ce wa iyayen, kuma me za a ce wa ita yarinyar?

Na ƙarshe tambaya ce ta addini, kuma ba mu da hurumin amsa ta. In tallafi ya ƙare, abin da ya rage shi ne bashin karatu na gwamnati. Akwai nau'in da gwamnati ke ɗaukar nauyin ruwansa muddin ɗalibi yana karatu aƙalla rabin lokaci, da wata shida bayan ya gama, ko da yake ana cire kusan kashi 1 cikin 100 tun farko a matsayin ladan aiki. Wanda ya biya duka kafin wa'adin nan bai biya ruwa ba, amma ya sa hannu a yarjejeniyar da ke da ruwa a ciki. Shin ya halatta yaro ya karɓa da niyyar biya kafin lokacin? In bai halatta ba, yaron da saura masa zango biyu ya karɓi digiri, me za mu ce masa ya yi?

Muna roƙon Malam ya amsa mana a fili, domin iyayen da muke magana a kansu suna sauraron shirin nan ta intanet, kuma maganarka za ta shiga inda tamu ba ta kai ba. In da hali a yi kafin Fabrairu.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Daga 'yan'uwanka masu taya ɗalibai cike takardu,
Bronx, New York